Ina so in tafi Turkiyya dashen gashi kafin aurena

Wasiƙar wannan makon ta zo ne daga wani matashi mazaunin Kaduna, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ga taƙaitaccen abin da ya rubuto:

“Assalamu alaikum Malam. Shekaruna 28, ina aiki a wani kamfani. Sanƙo ya fara cin goshina tun ina ɗan shekara 22, yanzu kuma ya kama tsakar kai. Mahaifina da kawunnaina biyu duk masu sanƙo ne. Shekara uku ke nan ban cire hula a gaban mutane ba, ko alwala zan yi a wurin aiki sai na keɓe. An sa ranar aurena nan da wata huɗu, kuma wadda zan aura ba ta taɓa ganin kaina ba hula ba. Na samu wakilin wani asibiti a Istanbul ta Instagram, na tura masa hotuna ta WhatsApp, ya ce za su dasa mini tushen gashi 5,000 a kan dala 2,200 har da otal da mota, amma sai na biya kafin alƙalami cikin mako guda kafin rangwamen ya ƙare. Kuɗin da zan taɓa na hayar gidan da za mu zauna ne. Wani abu kuma, ina yawan samun ƙuraje a ƙeya bayan aski, wasu har sun bar tabo mai tauri. Shin in tafi? Ya halatta a addini? Gashin zai fito kafin biki? Kuma dole ne in gaya mata?”

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Allah ya sanya alheri a wannan aure, ya kai mu lokacin lafiya. Tun da an ɗibar maka wa'adin mako guda, bari in fara da amsar da ka fi bukata da gaggawa: kada ka tura kafin alƙalamin nan, kuma kada ka yi wannan tafiya kafin biki. Ban ce ka haƙura da dashen gashi har abada ba, domin aiki ne da ya amfani mutane da yawa idan ya faɗa hannun gwani a lokacin da ya dace, amma a cikin wasiƙarka na ga abubuwan da kowannensu shi kaɗai ya isa ya sa a dakata, kai kuwa duk sun taru a kanka lokaci guda.

Kafin in shiga bayaninsu, ina so ka san cewa ban ɗauki damuwarka da wasa ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar alwala, wato a ce saurayi ya ɗauki buta ya zagaya bayan masallaci don kada abokan aikinsa su ga lokacin da zai ɗaga hula ya yi shafar kai, kuma ya shekara uku yana wannan ɓuya. Na san an sha ce maka sanƙo alamar arziki ce, kuma masu faɗar haka da kyakkyawar niyya suke faɗa, sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan kuma wani ya taɓa ce maka hular ce ta cinye maka suma, ka sauke wannan nauyin daga zuciyarka, hula ba ta kawo irin wannan sanƙon.

Sanƙon da ke fara cin gefuna biyu na goshi sannan ya buɗe fili a tsakar kai gado ne, ana kuma iya gadonsa ta wajen uwa ko ta wajen uba, kai ga shi ka haɗa duka biyun. A jikin kowane namiji akwai wani sinadari da likitoci ke kira DHT, wanda jiki ke sarrafawa daga testosteron. Ga wanda ya gaji sanƙo, saiwar gashin goshi da ta tsakar kai ba ta jure wa wannan sinadari, sai ta riƙa tsukewa shekara bayan shekara, silin da take fitarwa yana ƙara sirancewa da gajarta, har ya koma kamar gashin jariri, daga bisani ya daina fitowa. Saiwar gashin ƙeya da na saman kunnuwa kuwa galibi ba ruwanta da shi, shi ya sa za ka ga dattijo ɗan shekara 80 samansa fayau amma da zagayen furfura a baya. A kan wannan bambanci aka gina sana'ar dashen gashi gaba ɗayanta. Wani likita a Jafan, Shoji Okuda, ya rubuta bayanin dashe tun a 1939, sannan a 1959 Norman Orentreich na birnin New York ya wallafa abin da ya gano, cewa gashin da aka ciro daga ƙeya yana tafiya da halinsa duk inda aka kai shi, ba ya ɗaukar halin sabon mazauninsa.

To ga inda masu talla ba sa son a tsaya. Dashe ba ya ƙara maka gashi ko sili ɗaya, na baya ake ɗebowa a kai gaba, kuma ramin da aka zaro saiwa daga cikinsa ba zai sake fitar da gashi ba har abada. Manomin albasa idan irin da ya rena ya ƙare kafin ya cika gonarsa, yana iya sake zuba wani a fangali ya jira, amma kai fangalinka ɗaya ne tak, shi ne wannan ɗan zagayen da ke ƙeyarka, kuma da shi za ka yi hidimar duk sanƙon da ke tafe daga yanzu har tsufa. Kan mutum yana ɗauke da sili kusan 100,000, suna fitowa ƙungiya-ƙungiya, sili 1 zuwa 4 a kowane tushe, kuma wannan tushen ne asibitoci ke ƙirgawa su yanka farashi da shi. Likitocin fannin kan ƙiyasta cewa abin da za a iya ɗiba daga ƙeya a tsawon rayuwar mutum ba tare da ta yi fili ba bai cika wuce tushe 6,000 zuwa 8,000 ba ga mai cikar gashi, mutane da yawa ma nasu bai kai haka ba, kuma gashinmu na baƙar fata ya fi na Turawa tazara tsakanin tushe da tushe, ko da yake murɗewarsa kan sa ya fi nasu rufe fata. Yanzu ka ɗora maganar wakilin nan a kan wannan ma'auni. Mutum ne da bai taɓa sa hannu a kanka ba, bai duba fatar da madubin likita ya ƙirga yawan tushen da kake da shi ba, hotuna kawai ya gani a waya, amma ya yanke cewa za a kwashe 5,000 a zama ɗaya. Wannan shi ne mafi yawan abin da ka mallaka, za a kashe shi kana ɗan shekara 28, lokacin da sanƙon bai gama nuna iyakarsa ba.

Ina nanata shekarunka ne saboda dashe ba ya tsayar da zubar gashinka na asali. Likitoci suna auna sanƙon maza da ma'aunin Norwood, wanda aka wallafa a 1975, mai matakai 7, kuma wanda ya fara da wuri kamar kai, ga gado ta ɓangare biyu, yana da babbar yiwuwar ya kai matakan ƙarshe. Ka dubi kan mahaifinka da na kawunnanka da kyau, domin su ne suka fi kowane hoto nuna maka inda hanyar ta nufa. Idan aka cika maka goshi yau, na asalin da ke bayansa ya ci gaba da zuba, bayan shekara biyar ko bakwai za ka wayi gari da tsibirin gashi a gaba, ga fili a bayansa, ga kuma ƙeyar da aka riga aka kwashe ba ta da abin bayarwa. Tsohon ɗan ƙwallon Ingila Wayne Rooney ya bayyana wa duniya a 2011 cewa an yi masa dashe yana da shekara 25, kuma a 2013 ya sake komawa aka yi masa na biyu, shi da yake da kuɗin zaɓar duk likitan da ya ga dama. Haka nan matasa kan nace a zana musu layin goshi can ƙasa, a miƙe sambal kamar yadda mai aski ke gyara shi da reza, alhali layin da ya dace da ɗan shekara 28 zai zama abin kallo a fuskar ɗan shekara 55. Likitan kirki yakan ƙi bin wannan son rai, ya ɗaga layin sama kaɗan don ya yi tattalin irin.

Akwai kuma batun yanayin gashinmu, wanda ba kowane asibiti ne ya iya shi ba. Hanyoyin ciro tushe biyu ne. A ta farko, wadda ake kira FUT, ana yanko siririn zirin fata daga ƙeya a ɗinke wurin, sannan a rarraba tushen a ƙarƙashin madubi, kuma tana barin dogon tabo guda ɗaya. A ta biyu, FUE, wadda ta yaɗu bayan 2002 kuma kusan ita ce ake tallatawa a Istanbul, ana amfani da wani ɗan bututu mai kaifi da faɗinsa ke kusan milimita ɗaya a zaro tushe ɗaya-ɗaya, sai ta bar ɗigo-ɗigon tabo dubbai. Gashin Bature ko na Baturke yana shiga fata kusan a miƙe, don haka miƙaƙƙen bututu yana bin sa salin-alin. Namu kuwa murɗewar da kake gani a waje tana ci gaba har cikin fata, saiwar a lanƙwashe take kamar lauje, kuma wanda bai saba da ita ba zai riƙa datse ta a tsakiya yana ƙirga ta a cikin 5,000 ɗin da ya yi maka alkawari. Tushen da aka datse ya tafi ke nan, bai tsira a gaba ba, bai kuma zauna a baya ba.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda ka ambata a ƙarshe kamar ƙaramin abu, wato ƙurajen ƙeya da tabo mai tauri. Akwai wata cutar fata da ta yawaita a tsakanin maza baƙaƙe masu murɗaɗɗen gashi, tana fitowa daidai a ƙeya, aski mai kankarewa da gogar wuyan riga suna ƙara tsananta ta, kuma idan ta daɗe tana kashe saiwar gashi ta bar tabo mai tasowa. Likita ne kaɗai zai tabbatar ko ita ce ke damunka, amma siffar da ka bayar ta yi kama da ita ƙwarai, kuma wurin da take zama yana maƙwabtaka da wurin da za a ɗebi irin, wani lokaci ma a cikinsa take. Ban da wannan, fatarmu ta fi ta sauran jinsuna saurin yin tabon nan mai kumbura yana wuce iyakar rauni, wanda likitoci ke kira kiloyid, irin wanda ake gani a kunnen wasu mata bayan huji ko a ƙirjin wasu maza. Mutumin da jikinsa ke da wannan ɗabi'a, a ce za a huda masa rami 5,000 a baya da wasu 5,000 a gaba a yini ɗaya, wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Ƙwararren likita ba ya dashe a fatar da ke cikin kumburi, kuma idan yana da shakka yakan dasa 'yan tushe kaɗan na gwaji ya jira watanni ya ga yadda wurin zai warke. Ina so ka tambayi kanka ko wakilin nan ya taɓa yi maka tambaya ɗaya a kan tabo, ko ciwon suga, ko hawan jini, ko sikila, ko magungunan da kake sha.

Tambayarka ta ko gashin zai fito kafin biki tana da amsa a sarari, ba zai fito ba. Aikin kansa yana ɗaukar awa 6 zuwa 8 ana yi wa fatar kai allurar kashe zafi, bayansa goshi kan kumbura na 'yan kwanaki, ɓawon raunukan kuma ya zube cikin kwana 10 zuwa 14. Daga mako na biyu zuwa na takwas silin da aka dasa yakan zube kusan duka, saiwar ce kawai ke zama a ciki tana hutawa, wani lokaci har na asalin da ke kewaye da wurin yakan zuba na ɗan lokaci saboda girgizar aikin. Sabon gashi yana fara leƙowa ne a wata na uku zuwa na huɗu, siriri kuma jefi-jefi, cikakken sakamako kuwa sai an shekara, na tsakar kai har yakan kai wata 18. Idan ka tafi wata mai zuwa, ranar ɗaurin aurenka za ta faɗo daidai lokacin da kan ya fi kowane lokaci rashin kyan gani. Ka ga ke nan ainihin bukatar da ta sa kake wannan sauri ba za ta biya ba ko da komai ya tafi daidai.

Bari in ba ka labarin abin da na gani da idona. Wani ɗan ƙanwar mahaifiyata ya yi irin wannan tafiya shekaru uku da suka wuce, bai shawarci kowa ba sai da ya dawo. Bayan shekara guda na je gidansa, ya rufe ƙofar falo, ya ja kujera kusa da taga, ya cire hula ya juya mini baya. Ƙeyarsa ta koma kamar tsohuwar rigar da asu ya ci, nan da gashi nan babu, ga ɗigo-ɗigon tabo masu haske a kan baƙar fata kamar idon rariya. Da ya juyo, na ga gashin gaban ya fito tsilli-tsilli a jere, kowane sili yana tsaye shi kaɗai, wasu suna kallon inda gashi ba ya kallo. Ya ce mini likitan da sunansa ke jikin takarda minti goma kacal ya gan shi, ya zana masa layi a goshi ya fita, waɗanda suka yi aikin kuwa wasu matasa ne da ba ya jin yarensu, kuma lambar da suke magana da shi ta daina amsawa bayan 'yan watanni. Maganar da ya faɗa a ƙarshe ba ta bar zuciyata ba har yau, ya ce: “Yaya, da can gaba kawai nake ɓoyewa, yanzu gaba da baya nake ɓoyewa.” Ko ƙwal-kwabon da zai iya yi a da ya huta, yanzu ba dama, domin tabon zai bayyana.

Don in yi adalci, na kuma san wani abokin aikina da aka yi wa dashe yana da shekara 41, bayan ya yi shekara biyu yana amfani da magani zubar ta tsaya, aka dasa masa kusan tushe 2,000 a gaba kawai, kuma wanda bai san shi da can ba ba zai taɓa ganewa ba. A Turkiyya akwai ƙwararrun likitoci na gaske, kuma sauƙin farashin ƙasar a kan na Ingila ko Amurka yana da dalilansa na halal, irin su arhar albashi da hayar wuri da faɗuwar darajar kuɗinsu. Sai dai a gefensu akwai wuraren da ke jera mutane da yawa a rana guda suna barin aikin a hannun waɗanda ba likitoci ba, har ta kai ƙungiyar likitocin dashen gashi ta duniya, ISHRS, ta ƙaddamar da gangamin faɗakarwa a kan haka a 2019. Wa'adin mako guda da aka ba ka salon 'yan kasuwa ne na hana mai saye yin tunani. Rangwamen nan zai dawo wata mai zuwa da wani suna.

Abin da nake so ka yi a wannan makon shi ne ka nemi ganin likitan fata. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika bai yi maka nisa ba, haka ma Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kuma kuɗin ganin likita bai kai komai ba idan aka kwatanta da dala 2,200. Ka nuna masa ƙeyar kafin goshin. Kafin ka samu ganinsa, ka hana mai aski kankare maka ƙeya da reza, ka sayi injin askinka na kanka, kuma kada ka riƙa matse ƙurajen. Likitan zai kuma tabbatar ko sanƙon gado ne zalla ko akwai wani abu da ya haɗu da shi.

Magunguna biyu ne bincike ya fi tabbatar da amfaninsu a kan sanƙon gado. Na farko minoksidil, na shafawa, wanda asalinsa maganin hawan jini ne kafin hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don gashi a 1988. A makonnin farko zuba kan ɗan ƙaru kafin ta lafa, kuma sai an yi wata uku zuwa shida ana shafawa kullum kafin a ga alama. Na biyu finasterid, ƙwaya ce mai miligiram 1 da aka amince da ita a 1997, tana rage DHT ɗin jiki da kusan kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, kuma ga mafi yawan maza tana tsayar da zubar ko ta rage gudunta. Dukansu biyu idan aka daina, abin da aka samu yakan tafi cikin watanni. A nan dole in yi maka magana ta ƙeƙe-da-ƙeƙe tun da angonci ke gabanka. A gwaje-gwajen da aka yi, ƙasa da mutum 2 cikin 100 sun samu raguwar sha'awa, wasu kaɗan sun samu raunin mazakuta, galibi abin yakan wuce idan an daina, ko da yake akwai waɗanda suka ce nasu ya daɗe bayan dainawa. Yana iya rage yawan ƙwayoyin maniyyi ga wasu, an kuma yi gargaɗi a kan ƙuncin rai ga masu shan sa, sannan mace mai ciki ba ta taɓa fasasshiyar ƙwayar da hannu. Saboda haka kada ka saye shi a kemis bisa maganata ko ta wani aboki, ka faɗa wa likita ranar aurenka da burinka na haihuwa, ku yanke tare ko za a fara da na shafawa kawai. Ruwan albasa da man kaɗanya da haɗe-haɗen da ake tallatawa a intanet kuwa suna iya tausasa gashin da ke nan, amma ba sa tayar da saiwar da ta riga ta mutu.

Game da hukuncin addini, malamai da yawa na wannan zamani sun halatta dashen gashin mutum a kansa, suna ganin mayar da abin da ya gushe ne, bai shiga cikin sauya halittar Allah ba, bai kuma shiga cikin ƙarin gashin da hadisi ya la'anci mai yi da wadda ake yi wa ba. Shaikh Muhammad bin Salih al-Usaimin yana cikin waɗanda suka halatta, ya kafa hujja da hadisin nan na Bukhari da Muslim game da mutum uku daga Banu Isra'ila da Allah ya jarraba, inda mai ciwon kan da ya rasa gashinsa ya roƙi kyakkyawan gashi, mala'ika ya shafe shi aka ba shi. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar haɗin kan ƙasashen Musulmi, OIC, ita ma, a zamanta na 18 a Putrajaya ta ƙasar Malesiya a 2007, ta sanya dashen gashin da ya zube cikin ayyukan gyara da suka halatta, musamman ga mace. Amma ta gindaya sharuɗɗa ga irin waɗannan ayyuka, daga ciki akwai cewa kada cutarwar ta rinjayi amfanin da ake fata, ƙwararren likita ne zai yi aikin, kuma a bayyana wa mutum haɗurran da ke ciki dalla-dalla. A ganina, cinikin da ke gabanka bai cika ko ɗaya daga cikin waɗannan ukun ba tukuna. Ka kai wa malamin da ka amince da shi maganar tare da duk bayanan nan, har da na ƙurajen.

Saura maganar amarya, wadda nake ganin ita ce asalin abin da ya sa ka rubuto. Sanƙo ba ya cikin aibobin da malaman fiƙihu suka lissafa cewa ana warware aure saboda ɓoye su, don haka ba ka aikata wani laifi ba. Amma nan da wata huɗu za ku kwana ɗaki ɗaya, kuma hula ba ta kwana a ka. Ina ma kyautata zaton ta riga ta sani, domin mata suna lura fiye da yadda muke tsammani, ta ga mahaifinka ko hotonsa, ta ga gefen goshinka ranar da hular ta ɗan zame, ƙila ma ƙannenka mata sun daɗe da faɗa mata cikin hira. Ta ga duk wannan ta kuma amince aka sa rana. Abin da ba ta sani ba, wanda kuma zai yi mata ciwo na gaske, shi ne a kawo ta gidan da ba shi aka yi mata alkawari ba, ko a ɗaga biki, sannan daga baya ta ji cewa kuɗin hayar an kai su Istanbul a ɓoye. Wurin zama haƙƙinta ne a kanka, kuma iyayenta da naka a kan wannan tanadi suka dogara suka tsayar da magana.

Shawarata ita ce a zuwanka zance na gaba, bayan an gama gaisawa hira ta yi nisa, ka cire hular ka ɗora a gwiwa, ka ce mata akwai abin da ya daɗe yana damunka kana jin nauyin nuna mata. Ka faɗa mata shekarun da ka yi kana ɓoyewa, ka faɗa mata har ka yi tunanin tafiya dashe. Mintunan farko za su yi maka nauyi, na sani, amma sun fi sauƙi a kan ɗaukar wannan fargaba har daren farko. Kuma tun da maganin da likita zai iya ba ka ya shafi zamanku da haihuwarku, dama tana da haƙƙin a yi shawarar da ita.

Idan bayan shekara ɗaya ko biyu ƙeyar ta warke, zubar ta tsaya, ka tara kuɗin da ba na haya ba ne ba kuma na bashi ba, har yanzu kuma zuciyarka tana son dashen, to sai ka nema da idonka a buɗe. Ka san cikakken sunan likitan da shaidar rajistarsa, ka yi magana da shi kansa ta bidiyo kafin ka biya ko sisi, ka tambaye shi wane ne zai huda fatar da hannunsa kuma mutum nawa yake yi wa aiki a rana. Ka ce a nuna maka hotunan baƙaƙen fata masu irin gashinka bayan shekara guda da aiki, har da hoton ƙeyarsu an yi aski ƙasa-ƙasa, domin a nan ake gane gwani. Ka tambayi tushe nawa zai bar maka don gaba, sannan ka shirya da likitan fata a gida wanda zai duba ka idan wurin ya yi ruwa bayan ka dawo. Ka kuma sani cewa a kwanakin farko za a hana ka sunkuyar da kai, da sa hula mai matsewa, da shafa wurin da hannu, saboda haka ka tambayi malaminka tun kafin tafiya yadda za ka yi da sujada da shafar kai a matsayinka na mai lalura, ka kuma ɗauki hutun aƙalla mako biyu daga wurin aiki.

Wakilin zai sake kiranka kafin makon ya ƙare, ƙila ma ya ƙara rage farashin. Ka ce masa kana da ƙuraje da tabo a ƙeya kuma za ka ga likitan fata tukuna, ka saurari abin da zai ce. Idan ka ga likitan, ka sake rubuto mini abin da ya faɗa game da ƙeyar, domin a kansa sauran shawarar za ta tsaya. Allah ya ba ka lafiya, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ɗayyiba.